Yadda Ake Gwajin Maleriya da Kaset na RDT, Daga Huda Yatsa Zuwa Karanta Layi

Da zarar damina ta kankama, tambayoyi kan gwajin maleriya na gaggawa sukan yawaita daga ma'aikatan ƙananan asibitoci, masu kemis da ɗaliban makarantun koyon aikin lafiya. Wani ya ga layi dishi-dishi bai san ko ya ba da magani ba. Wani ruwan gwajinsa ya ƙare alhali da sauran kaset a kwali. Wata kuma ta gwada yaron da ya gama shan magani makon jiya, layi biyu suka fito mata. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da maleriya ta hanyar gwaji kafin a ba da magani, kuma kaset ɗin RDT, wato 'yar robar gwajin gaggawa da ake sa wa jini ta nuna sakamako da layi, shi ne ya kai gwajin ƙauyukan da babu lantarki babu madubin duba jini. Aikin bai wuce na rabin awa ba. Amma mafi yawan sakamakon ƙarya daga hannun mai gwaji da wurin ajiya yake fitowa, shi ya sa ya kamata a bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke cikin kaset, a taƙaice

Wanda ya fahimci wannan ɓangaren ba sai ya haddace dokokin ba, zai gane dalilinsu da kansa.

Antibodi sinadarin garkuwar jiki ne mai siffar gwafa, wato sanda mai rassa biyu. Ƙarshen kowane reshe yana da wani gurbi da ya dace da siffar abu guda kawai, kamar yadda makulli ke dacewa da kwaɗonsa. Abin da yake kamawa shi ake kira antijin. Riƙon ba na walda ba ne. Ƙananan jan-juna ne masu rauni da yawa suke haɗuwa su yi ƙarfi, kuma suna aiki ne kawai idan siffar ɓangarorin biyu ba ta lalace ba, sannan gishiri da tsamin ruwan da suke ciki suna daidai. Zafi mai yawa yana lanƙwasa siffar antibodi. Ruwan da ba nasa ba yana sassauta riƙon, ko ya sa ya manne wa abin da ba nasa ba.

A cikin robar kaset akwai siririyar takarda. A farkonta an busar da antibodi da aka liƙa wa ƙananan ƙwayoyin zinare masu launin ja-ja. A gaba, wurin harafin T, an kafe wani antibodin a jikin takardar ba ya motsi. Idan an ɗiga jini da ruwan bafa, wato ruwan gwajin da ke zuwa tare da kaset, ruwan yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, ya kwashi komai ya bi takardar. Idan akwai antijin na maleriya, antibodi mai launi zai kama shi ta gefe ɗaya, na layin T ya kama shi ta ɗaya gefen, launi ya taru a wurin har ido ya gani. Layin C kuwa antibodi mai launin yake kamawa kai tsaye, ko da cuta ko babu.

Antijin da aka fi nema shi ne HRP2, wanda nau'in ƙwayar cutar maleriya mai suna Plasmodium falciparum kaɗai ke samarwa, kuma ita ce ke haddasa mafi yawan maleriya a Najeriya da Nijar. Wasu kaset suna da ƙarin layi na antijin pLDH. Bambancinsu zai zo a wajen karanta sakamako.

Kayan aiki

Kwali ɗaya yawanci yana ɗauke da kaset 25, kowanne a cikin ledarsa a rufe, da kwalbar ruwan bafa, da abin ɗibar jini, da allurar huda yatsa, da audugar sifirit, da takardar bayanin kamfani. Abin da ba ya zuwa a kwali, dole a tanada: safar hannu, busasshiyar auduga, agogo ko waya mai ƙararrawa, alƙalami ko maka, akwatin zuba allurai, kwandon shara, da littafin rajista. A samu tebur mai shimfiɗaɗɗen kai da wuri mai haske.

1. Karanta takardar kamfani kafin mara lafiya ya zauna

Abu huɗu ake nema a cikinta: yawan jini, ramin da ake sa jinin, ɗigo nawa na bafa, da minti nawa ake jira. Waɗannan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Misali, Bioline na HRP2 ɗigo 4 yake so, CareStart kuwa ɗigo 2. A wani kaset ramin jini zagayayye ne, a wani kuma mai kusurwa huɗu ne.

Hattara: duk lokacin da aka kawo sabon kwali, a sake duba takardar ko da an shekara ana aikin. Hannun da ya saba da ɗigo 4 zai ci gaba da zuba 4 a kaset mai son 2 idan ba a tsaya an duba ba.

2. Duba ranar ƙarewa da lafiyar leda

Ranar tana jikin kwali da jikin kowace leda. Wadda ta wuce, a jefar. Leda mai huda, ko wadda ta yage ko ta kumbura, a jefar. Kada a buɗe leda sai mara lafiya yana zaune an shirya, domin takardar ciki tana shan laimar iska, musamman a watan Agusta.

Bayan an buɗe, a duba ƙaramar jakar da ke tsotse laima. A wasu kamfanoni ƙwayoyin cikinta suna canza launi idan laima ta shiga, shuɗi ya koma ruwan hoda, ko ruwan lemo ya koma kore. Idan launin ya canza, kaset ɗin bai da amana, a ɗauki wani.

3. Sa safar hannu, rubuta suna

Sabuwar safa ga kowane mutum. A rubuta sunan mara lafiya ko lambarsa a jikin robar kaset kafin a taɓa jini. Ranar da mutane suka yi yawa, kaset biyar ko shida kan jeru a tebur, duk kamarsu ɗaya, kuma a nan ne ake ba wani sakamakon wani.

4. Zaɓi yatsa, goge, bari ya bushe

An fi amfani da yatsa na huɗu, wanda ke kusa da ƙaramin yatsa, a hannun da mutum ba ya aiki da shi. Ga jariri ƙarami ana huda gefen dunduniya, ba tsakiyarta ba. A goge da audugar sifirit, sannan a bar wurin ya bushe da kansa.

Hattara: kada a hura da baki, kada a goge da tsumma. Idan aka huda sifirit bai bushe ba, jinin ba zai taru ya yi ɗigo ba, sai ya bazu a fata, ga shi ya gauraya da sifirit. Lokacin hunturu kuma yatsun yara kan yi sanyi jini ya ƙi fita. A murza hannun a hankali ya ɗumama, a sauke shi ƙasa, kafin a goge.

5. Huda, ka jefar da allurar nan take

A huda gefen tsokar yatsa, ba kan ƙoƙonsa ba kuma ba kusa da farce ba. Huda ɗaya mai ƙarfin da ya isa ta fi uku na tsoro-tsoro. Daga yatsa allurar ta wuce akwatin allurai kai tsaye, kada a ajiye ta a tebur, kada a mayar mata da murfi. Idan takardar kamfani ta ce a share ɗigon farko da busasshiyar auduga, a yi hakan.

Idan allurar da aka yi amfani da ita ta soki mai gwaji, ya wanke wurin da sabulu da ruwa, ya je asibiti a ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau bayan irin wannan haɗari ana fara shi ne cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa.

6. Ɗibar jini daidai gwargwado

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka a nutsu. Yawancin kaset maikurolita 5 suke buƙata, wanda bai kai cikakken ɗigo ba. Abin ɗiba iri-iri ne. Mai zobe a baki, ana taɓa shi a ɗigon jini har zoben ya cika da siririn jini. Mai kama da ƙaramin ƙoƙo a kife, ana dangwala bakinsa a ɗigon, jinin ya hau da kansa. Mai kama da tsinken shan lemo, ana matsa shi, a taɓa jini, a saki a hankali har jinin ya kai zanen da ke jikinsa, kada ya wuce.

A matsa yatsa a hankali daga tushe zuwa sama. Matsa mai tsanani tana fito da ruwan tsoka ya tsinka jinin.

Jini ya yi yawa, tagar da ake karanta layi za ta yi ja-wur, layi mai rauni ya ɓuya a ciki, wani lokaci ma takardar ta toshe ruwan ya kasa wucewa. Jini ya yi kaɗan, antijin ba zai isa ya yi layi ba, kuma abin haɗarin shi ne layin C zai fito lafiya lau, mai gwaji ya ɗauka komai ya tafi daidai. Kada kuma a ɗiga jini kai tsaye daga yatsa zuwa cikin rami. Ido ba ya auna maikurolita 5.

7. Sa jini a raminsa

A ajiye kaset a kwance. A taɓa bakin abin ɗiba a kan audugar da ke ƙasan ramin jini har ta shanye duka. A yi sauri, jinin yatsa yana fara daskarewa cikin ƙanƙanin lokaci. Abin ɗibar shi ma ya wuce akwatin allurai. A ba mara lafiya busasshiyar auduga ya danne yatsa.

8. Ɗiga ruwan bafa

A riƙe kwalbar a tsaye cak, bakinta ƙasa, ɗan nesa da ramin, a ƙirga ɗigon da baki. Idan an karkata kwalbar, girman ɗigon yana canzawa. Kada bakin kwalbar ya taɓa kaset, don kada jini ya koma cikinta ya ɓata sauran gwaje-gwajen.

Hattara: ruwan bafa ba ruwa ba ne kawai. An daidaita gishirinsa da tsaminsa don antibodin wannan kaset, kuma akwai sinadarin fasa ƙwayoyin jini da mai hana mannewar banza a cikinsa. Ruwan leda, ruwan allura, ruwan gishirin ƙarin ruwa, ko bafan gwajin ƙanjamau, duk ba sa maye gurbinsa. Za su iya tura jini har layin C ya fito, amma suna iya haifar da layin T na ƙarya ga wanda ba shi da maleriya. Ko bafan wani kamfanin maleriya bai halatta ba. Idan bafa ta ƙare, sauran kaset ɗin sun tsaya ke nan sai an samo irinta. Abin da ke sa ta ƙare da wuri kuwa shi ne zuba fiye da ƙima da barin kwalba a buɗe.

9. Kunna agogo

Lokaci yana farawa daga ɗigon ƙarshe na bafa. A rubuta lokacin a jikin kaset. Yawanci minti 15 ne ko 20. Kada a ɗaga kaset, kada a girgiza shi, kada a sa shi a rana.

Wanda jininsa ke cike da ƙwayar cuta, layinsa kan fito cikin 'yan mintuna. Amma ba a cewa babu maleriya sai lokaci ya cika, domin layi mai rauni a ƙarshe yake bayyana. Haka nan ba a karanta kaset bayan iyakar da takarda ta faɗa, wadda a yawancin kamfanoni ba ta wuce minti 30. Idan takardar ta fara bushewa, launi kan koma baya ya bar wani zane a wurin T wanda ba na cuta ba. Kaset da aka manta da shi awa guda, a jefar a sake.

10. Karanta sakamako

A karanta a wuri mai haske. Da dare a haska da tocila mai ƙarfi.

Layin C da layin T: akwai maleriya. Ko layin T ya yi rauni kamar an ja shi da fensir, in dai ya fito cikin lokaci kuma ya ratsa faɗin taga, akwai ne. Kaurin layi ba ya nuna tsananin ciwo, ba a rage magani saboda layi ya yi dishi-dishi.

Layin C kaɗai: ba a ga antijin ba.

Babu layin C, ko da T ya fito ko bai fito ba: gwajin ya lalace. A ɗauki sabon kaset da sabuwar allura a sake daga farko. Haka idan jini ya cika taga har ba a iya ganin komai.

A kaset mai layi uku, a duba haruffan da ke jikin roba. Layin Pf na falciparum ne. Layin Pan yana kama pLDH na kowane irin maleriya. Pan kaɗai tare da C yana nuna wani iri ne ba falciparum ba, ko kuma falciparum da ba ta samar da HRP2.

Ana yawan ba layin C matsayin da ba nasa ba: shi shaidar cewa ruwa ya bi takarda ne kawai. Ba ya shaidar cewa jinin ya isa, ba ya kuma shaidar cewa antibodin layin T bai lalace da zafi ba.

11. Abin da ake yi da sakamakon

A rubuta a rajista kafin a jefar da kaset.

Idan akwai maleriya kuma babu alamar haɗari, ana ba da maganin ACT, wato maganin maleriya mai haɗin artemisinin da wani magani, bisa nauyin mutum. Mai haɗin artemether da lumefantrine sau 6 ake sha cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma yana shiga jiki sosai idan an sha da madara ko abinci mai maiƙo.

Idan akwai jijjiga, suma, kasa shan nono ko ruwa, amai ba tsayawa, numfashi da ƙyar, fari fat a tafin hannu da ido, ko fitsari baƙi, a tura babban asibiti nan take, ko me kaset ya nuna. Waɗannan alamu sun fi ƙarfin layi.

Idan babu maleriya, zazzaɓin yana nan, yana da dalili. A duba ƙirji, kunne, maƙogwaro, fitsari, ƙurajen ƙyanda, da sanƙarewar wuya musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo. Ba wa mutum ACT bayan gwaji ya nuna babu, don kawai ya matsa, ɓarnar magani ce, kuma yana jinkirta gano ainihin ciwon. Idan zazzaɓi ya ci gaba bayan kwana ɗaya ko biyu, a sake gwaji ko a tura a duba jini da madubi.

Inda kaset ke iya ruɗar mutum ko an bi komai daidai

HRP2 yana daɗewa a jini bayan ƙwayar cutar ta mutu, makonni biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Don haka yaron da ya gama magani makon jiya, layinsa na T zai iya fitowa alhali ya warke. Ba a amfani da kaset na HRP2 don tabbatar da warkewa. Kafin a huda kowa, a tambaya: an sha maganin maleriya cikin wata guda da ya wuce? In an sha kuma zazzaɓi ya dawo, madubi ne zai raba gardama, domin shi ƙwayar cutar kanta yake gani. Antijin pLDH ya fi saurin ɓacewa, cikin kamar mako guda.

Idan ƙwayar cutar ta yi ƙaranci sosai, ƙasa da kamar 100 zuwa 200 a kowace maikurolita ta jini, kaset zai iya rasa ta. Akasin haka ma yana faruwa, ko da yake ba kasafai ba: antijin ya yi yawa ƙwarai har ya cika gurabun antibodin duka biyu daban-daban, aka rasa wanda zai haɗa su, sai layi ya fito da rauni ko ya ƙi fita ga mutumin da ke cikin mawuyacin hali. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa alamun haɗari ke gaba da sakamako.

Akwai kuma falciparum da ta daina samar da HRP2 gaba ɗaya. An fara ba da rahotonta daga ƙasar Peru a 2010, daga baya ta yawaita a Eritiriya, Habasha da Jibuti har Eritiriya ta daina dogaro da kaset na HRP2 kaɗai. Idan a wani asibiti ana yawan samun madubi na cewa akwai, kaset na cewa babu, a kai rahoto ga jami'in yaƙi da maleriya na ƙaramar hukuma, tare da sunan kamfani da lambar kwalin.

A ɗaya ɓangaren, masu wasu cututtukan gaɓoɓi suna da wani sinadari a jini da kan manne wa antibodin kaset ya haifar da layin ƙarya.

Ajiya da lissafin kuɗi

Iyakar zafin ajiya tana rubuce a jikin kwali. Wasu digiri 30 ne, wasu 40. A watan Afrilu zafin Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram yana haura 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ba silin ya fi haka, bayan mota kuma ba a magana. A ajiye kwali a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, nesa da rufi, a kan katako ba a ƙasa ba. Ɗakin ƙasa mai kauri ya fi shagon kwano. Wajen ɗauko kaya daga sito, a yi tafiyar da sassafe, kada a bar kwali a bayan babur a rana. Firiza kuma haramun ce gare shi, ƙanƙara tana lalata shi kamar yadda zafi ke yi. Idan a firji ake ajiyewa, a fito da shi ya ɗumama zuwa zafin ɗaki kafin a yage leda.

Wa'adin kaset yawanci watanni 24 ne daga ranar da aka yi shi, kuma wani ɓangare na wa'adin yana ƙarewa a hanya kafin ya iso. A riƙa fara amfani da kwalin da ranarsa ta fi kusa. Mai kemis da ke saye da kuɗinsa ya raba farashin kwali gida 25, ya ɗora kuɗin safar hannu da auduga, sannan ya bar sarari don kaset ɗaya ko biyu da za su lalace a kowane kwali. Ya duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kwalin idan a Najeriya yake. Kwalin da aka karya wa farashi sosai, a fara duba ranar ƙarewarsa, sannan a buɗe a tabbatar kwalbar bafa tana ciki, cike take, kuma sunan kamfaninta ɗaya ne da na kaset.